Zurfin finiyon a giyabos ɗin Bitil: nisan ake mayarwa, ba tsohon shim ba

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ka daidai giyabos ɗin Volkswagen Bitil ne a gabanka, kunkurun nan, kesin ɗinsa ya tsage ka samo wani a Ƙofar Ruwa, ka kuma sayi sabon boris na finiyon, amma kirawun wil da finiyon, wato babbar giya mai zagaye da ke juya aksil da ƙaramar giyar da take juya ta, tsofaffin zaka mayar tunda haƙoransu lafiya lau suke. Oganka yace ka maida shim ɗin da ka ciro kawai, wato siririn zoben ƙarfen da ake saita zurfin finiyon da shi, ka shafa bulu, shuɗin fentin da ke nuna inda haƙora suke haɗuwa, ka duba, kai kuma hankalinka bai kwanta ba shine kake tambaya ko lallai sai an auna da kayan awo na musamman.

Toh lallai sai an auna. Kuma ba raina oganka nayi ba, abinda ya faɗa daidai ne a aikin da zoben sinkiro, mai daidaita gudu don giya ta shiga sumul, ko sil ko gaskit kaɗai aka canja, nan kam ka maida komai yadda ka same shi ka rufe abinka. Amma abu uku ne suke riƙe da mazaunin finiyon, kesin da boris ɗin finiyon da kuma shi kansa finiyon ɗin da kirawun ɗinsa, ko ɗaya ka taɓa a ciki awon farko ya tashi aiki, kai kuma biyu ka canja lokaci guda.

Shim ɗin nan da ka ciro ba na finiyon bane shi kaɗai. Ranar da aka haɗa giyar a kamfani an zaɓe shi ne don ya cike bambancin wancan kesin ɗin da wancan boris ɗin, domin ba kesin biyu da suke fitowa daga inji daidai wa daida, ko da kuwa rana ɗaya akayi su. Balle Bitil da aka yi ta yi a wurare daban daban, Jamus da Barazil da Meziko, mu ma nan an fara haɗa ta a Legas a 1975, kaga kesin ɗin da ka saya a kasuwa baka san ma daga ina ya taso ba. Abinda kake so ka mayar a sabon kesin shine nisa, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar layin aksil da fuskar kan finiyon. Shim hanya ce kawai ta kaiwa ga wannan nisan, kaurinsa zai iya canjawa, nisan ne ba a yarda ya canja ba.

Yadda akeyi a kamfani, kowane kirawun da finiyonsa ana goga su tare da juna har su saba, sannan a ɗora su a injin gwaji ana matsar da finiyon gaba da baya ana saurare har a sami inda suka fi yin shiru, wannan wurin shine mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa. Akwai ma'aunin asali da injin yake aiki da shi, littafin Volkswagen yana kiransa Ro, na Bitil milimita 58.70 ne. Ɗan bambancin da aka samu tsakanin Ro da inda wannan ma'auratan suka yi shiru shi ake kira r, kuma ana rubuta shi da lamba biyu, in ka ga 25 ana nufin 0.25 na milimita. Ka wanke su da fetur ka duba da kyau a haske, zaka ga harafi kamar G ko K, G na nufin yankan haƙoran irin na kamfanin Gleason ne, K kuma na Klingelnberg, sai lamba irin 833 wato haƙora 8 a finiyon 33 a kirawun, akwai 8:35 akwai 8:31 ma. Sannan akwai lambar haɗi wadda dole ta zama iri ɗaya a jikin su biyun. In lambar haɗin ta saɓa ka tsaya nan, wani ya riga ya gauraya su kafin motar ta zo hannunka kuma ba shim ɗin da zai sa su yi shiru. Shi r ɗin ko ƙara shi ake a kan Ro ko cirewa, wannan ka bi littafin giyar da ke hannunka, kada ka ɗauko lissafin wata ka ɗora, a Porsche 915 misali Ro ɗinta 66.30 ne kuma ƙarawa ake, kombi ma daga 1968 giyarta daban ce lambarta daban.

Kuskuren da littafi ya yarda da shi bayan ka gama 0.04 ne, sama ko ƙasa. Takardar A4 ɗin nan ta kwafi kaurinta kusan 0.1 ne, kaga ko rabin kaurin takarda ɗaya ba a baka ba. Ido baya gani, yatsa baya ji, baniya ma, ma'aunin nan mai zamewa, ba aikinta bane.

In finiyon ya nutsa da yawa, wato ya matso kusa da aksil, haƙoransa suna cin gindin haƙoran kirawun, in ya janye da yawa kuma sai nauyin ya koma can bakin haƙori inda ya fi siranta. Ko wanne ne nauyin da ya kamata ya bazu a faɗin haƙori sai ya taru a ɗan siririn layi, man giya ya kasa tsayawa a wurin, zafi ya tashi, taurin da aka yi wa fatar haƙorin ya fara ɓarewa ƙanana ƙanana. Farko kuka zaka ji siriri yana hawa da gudun mota, mai mota ya dawo yace tunda aka gyara take kuka, in aka ce masa zata saba ya tafi, toh bata sabawa, haƙoran ne suke cinye juna, kuma in suka ci sabon gurbi ko ka dawo ka saita daidai kukan ba lallai ya tafi ba. Abinda yasa nake damuwa da naka kenan musamman, tsofaffin haƙora ne da suka shekara da shekaru suna tafiya a wuri ɗaya, sun fi sababbi ƙin a matsar da su.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke maƙalewa. Ba kowane kirawun da finiyon ne zaka ga an rubuta r a jikinsu ba, musamman waɗanda suka zo a cikin mota daga kamfani a shekarun baya baya, shi yasa littafi yake cewa a auna mazaunin finiyon tun kafin a kwance. Kai ka riga ka kwance amma ba a makara ba in dai tsohon kesin yana nan, don Allah kada ka bari masu gwangwan su ɗauke shi tukuna. In tsagewar bata kai ramin boris ɗin finiyon ko mazaunin murafen gefe ba, ka maida finiyon da tsohon boris ɗinsa da tsohon shim a tsohon kesin, ka ɗaure kamar yadda yake da, ka auna ka rubuta. Wannan lambar ita ce gaskiyar inda haƙoran suka rayu, ni ko da r yana rubuce ina son in same ta in kwatanta. In ka riga ka cire tsohon boris daga jikin shaf ɗin, ka maida shi don awon kawai, wahalar rabin yini ce amma ta fi sauke inji karo na biyu. Sai dai in tsohon boris ɗin ya riga ya mutu yana wasa gaba da baya, toh awonsa ba abin dogaro bane, sai ka koma kan r.

Kayan awon kansa ba wani abin tsoro bane in ka gane dabarar. Tsofaffin littattafai suna ambaton VW 289d, daga baya aka fito da VW 385 wanda ake canja masa kayan haɗi ya yi aiki a giya iri iri, har masu gyaran Porsche da Audi da shi suke aiki. Sanda ce ta ƙarfe gogaggiya da ake zaunar da ita a inda difarenshal yake zama, da faifai biyu da suke tsayar da ita cif a tsakiya, kaga tsakiyar sandar ta zama tsakiyar aksil kenan. A tsakiyarta akwai ɗan tsinke da yake leƙowa ta gefe yana kallon finiyon, in aka danna shi agogon awo da ke ƙarshen sandar ya motsa. Sai ɗan faranti shafaffe da ake ɗorawa a kan finiyon, sai ma'aunin saiti wanda da shi ake kai agogon sifili.

Kafin komai tsabta. Ɗan ɓurɓushin tsohon gaskit ko ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar boris ya isa ya cinye maka 0.04 ɗin gaba ɗaya, kuma garejinmu ka san yadda ƙura take balle da hunturu, ka shimfiɗa kwali mai tsabta ka rufe ƙofa in akwai. Ka shafa yatsa a bakin ramin ka ji ko akwai inda guduma ta taɓa ya tashi, in akwai ka kwantar da shi da dutsen wasa mai laushi. Ka ɗora sabon boris a finiyon ka ɗaure notinsa da sifanar awo yadda littafi yace, ba da bututu da ƙarfin kafaɗa ba, domin matsin boris ɗin yana cikin abinda yake tsayar da finiyon, ka juya shi da hannu da ɗan mai ka ji yana tafiya sumul ba wasa ba cijewa. Ka ɗumama wajen ramin kesin kafin ka zura shi don ya shiga ba duka. Kesin ɗin Bitil na magniziyam ne, kada ka kusanto masa da wutar walda, iska mai zafi ko ruwan zafi ya wadatar. In ya shiga ka ɗaure abin riƙon boris ɗin sosai kamar haɗin ƙarshe, sannan ka bari ya huce tukuna, awo da zafi ƙarya yake bayarwa.

Sai ka ɗora ma'aunin saiti a kan tsinken, ka ɗan danne agogon kamar milimita ɗaya don allurar ta sami wurin tafiya gaba da baya, ka juyo fuskar agogon zuwa sifili, daga nan kada ka sake taɓa shi. Ka ɗora farantin a kan finiyon bayan ka goge duka biyun, ka zura sandar, ka rufe murfin gefe ka ɗaure notinsa a gicciye, kuma murfin da zaka yi aiki da shi a motar ba wani na aro ba. Sandar ta juya da hannu amma kada ta yi lilo. Yanzu ka juya ta a hankali tsinken ya hau farantin, zaka ga allura tana tafiya tana tafiya sai ta tsaya ta fara komowa, wannan wurin da ta juyo shine inda tsinken ya miƙe sak da finiyon, shi kaɗai ne awo, duk abinda ka karanta kafinsa ko bayansa tsinken a karkace yake. Ka maimaita, ka juya finiyon kaɗan ka sake, in lambobin basu zo ɗaya ba akwai datti ko farantin bai kwanta ba, kada ka ce bari in ɗauki tsakiya. In ka fito da sandar ka sake ɗora ma'aunin saiti ka ga har yanzu sifili ne, in ya goce ka sake daga farko.

Lissafin kuma mai sauƙi ne. A Bitil shim ɗin finiyon, wanda littafi ke kira S3, yana zama ne tsakanin kafaɗar boris da bangon kesin, saboda haka ƙara kauri yana janye finiyon daga aksil, ragewa yana nutsar da shi. A ce a tsohon kesin ka rubuta lamba, ka zo sabon kesin da tsohon shim ka auna ka ga finiyon ya matso kusa da aksil da 0.12 fiye da da, toh 0.12 zaka ƙara a kan kaurin shim, in nesa ya yi ka rage. Shim yana zuwa kauri daban daban kuma ana haɗa biyu a sami abinda ake so, amma kowanne ka auna shi da maikiromita a wuri uku ko huɗu, kada ka yarda da abinda aka rubuta a leda, tsohon ma ka auna shi don yakan lotse. Kuma wallahi kada ka yanka gwangwani ko langa langa, ƙarfen mai laushi ne, zai baka awo daidai yau, in mota ta ɗauki kaya ya baje finiyon ya sami wurin wasa. Bayan ka sa shim ɗin da ka zaɓa ka sake ɗaurewa ka sake aunawa, wannan awon na biyu shi yake nuna ko ka lissafa ta baya, kuma shine wanda za a duba ko yana cikin 0.04.

Na san zaka ce ina zan sami VW 385 a Kano. Da wuya kam kuma yana da tsada, ka tambayi tsofaffin kanikawan Volkswagen tukuna, wasu sun gaji kaya irin wannan suna ajiye a akwati. In bai samu ba akwai mafita, kuma anan ne tsohon kesin ɗinka yake da daraja. Ka je wurin mai injin sassaƙar ƙarfe wanda ka yarda da hannunsa ya yi maka faifai biyu da zasu shiga mazaunin boris ɗin difarenshal cif ba wasa, da rami a tsakiyar kowanne, da miƙaƙƙiyar sanda gogaggiya da zata ratsa su. Ka sami ɗan dunƙulen ƙarfe shafaffe ka ɗora a kan finiyon, ragowar tazarar da ke tsakaninsa da cikin sandar ka cike ta da fila geji, siraran ganyen ƙarfen nan na auna tazara, ko ka ɗaura agogon awo a jikin sandar in kana da shi, wannan ya fi. Kaurin dunƙulen da na fila geji da rabin kaurin sandar in ka haɗa su sun baka nisan. Gaskiya in da lambar kamfani zaka kwatanta, wato 58.70 da r, kayan gida ba kasafai suke kai wannan ƙwarewar ba, ɗan kuskuren mai sassaƙa zai shiga lissafinka kai tsaye. Amma in kwatanta tsohon kesin da sabo kake yi da kaya ɗaya, kuskuren yana nan a duka biyun sai ya kashe kansa, bambancin kawai kake nema. Ka yi wa faifan da sandar alama da fenti don kullum su zauna ta fuska ɗaya, shikenan. Ni wannan hanyar nake baka shawara.

Batun bulu kuma, a shafa, ban hana ba, amma a ƙarshe don tabbatarwa. Matsalarsa a tsofaffin haƙora ita ce gefen da yake jan mota ya riga ya goge ya yi sheƙi, tambarin sai ya fito da faɗi ko da saitin ya goce, ka ga kamar lafiya. Gefen baya na haƙorin, wanda yake aiki in an saki totur, ya fi faɗin gaskiya don bai cinye sosai ba. Ka shafa siriri a haƙora kaɗan a wurare daban daban na kirawun, ka riƙe shi da tsumma ya yi nauyi sannan ka juya finiyon gaba da baya. Tambari ya zauna a tsakiyar tsayin haƙori, in ya sauka gindi da kaifin layi finiyon ya nutsa, in ya hau baki ya janye. Bulu zai gaya maka ka ɓata da yawa, bazai gaya maka 0.05 ba.

In zurfin ya zauna sai ka koma kan kirawun, kuma a wannan jerin, zurfi tukuna, sannan matsin boris ɗin difarenshal, sannan wasan haƙora, wato ɗan sararin da ke tsakanin haƙoran kirawun da na finiyon. Shim ɗin gefe biyu ne S1 da S2, jimillarsu ita ke bada matsi, yadda ka raba su tsakanin hagu da dama shi ke bada wasa, abinda ka cire a gefe ɗaya ka maida shi ɗaya gefen don matsin kada ya canja. Tunda kesin ka canja su ma tsofaffin ba lallai su yi ba. Wasan haƙora na Bitil 0.15 zuwa 0.25 ne, ka kulle finiyon kada ya motsa ka auna da agogo a wuri huɗu kewaye da kirawun, in wani wuri ya bambanta sosai da sauran ka kwance kirawun ka duba bayansa, yawanci datti ne ko bai zauna daidai ba. Kuskuren da nafi gani shine mutum ya ji kuka ko ya ga wasa ya yi yawa sai ya je ya taɓa shim ɗin finiyon don ya rage wasan, a'a, wasa daga gefe ake gyara shi, S3 in ya zauna an gama da shi. Ka kuma lura da gefen da kirawun yake tun asali ka maida shi can, a irin giyar nan in ka juya shi motar zata baka giya huɗu na baya ɗaya na gaba.

Abu ɗaya da ake mantawa, sinkiron giya ɗaya da biyu a jikin shaf ɗin finiyon yake, na uku da huɗu ne a ɗaya shaf ɗin. Kaga in ka canja kaurin S3 ka matsar da sinkiron kenan, saboda haka sai an gama zaɓen shim ake saita fok, wato ƙarfen da yake tura sinkiro giya ta shiga, kuma da shim ɗin a wurinsa. Kamfani yana da abin saitin fok nasa, VW 294, amma kanikawa da yawa tsohon kesin suke yankewa su buɗe masa taga su yi aikin da shi, toh in ka gama awonka da wancan tsagaggen ga aikin da zai yi maka na gaba. In ka tsallake wannan zaka ga giya tana fita da kanta ko tana ƙin shiga har ƙarshe, a ɗora laifin a kan sinkiro alhali fok ne.

Mai kuma ka zuba 80W-90 mai alamar GL-4 saboda zoben sinkiro na tagulla ne, busasshiyar giya da aka haɗa sabuwa tana ɗaukar kusan lita 3, ka cika har ya kawo bakin ramin gefe mota tana tsaye a daidai. In ka wanke kirawun ɗin ka turo min duk abinda aka rubuta a jikinsa da na kan finiyon, da kaurin tsohon shim da abinda ka samu a kesin biyun, sai mu lissafa tare kafin ka je sayen shim.